Jar Fitila, Baƙar Abaya

Ƙasa na duba, na ga babu ja.

Wanda ya saba hawa keke da fitilar baya ba ya waiwaye. Idan magariba ta kawo jiki, kai kawai yake ɗan sunkuyarwa ya leƙa ta gefen ƙafarsa, sai ya ga jan haske yana sauka a kan turɓaya, ya ɗauke, ya dawo. Ranar Talatar nan na leƙa, ƙasa baƙa ƙirin yadda Allah ya halicce ta. Na sake leƙawa. A bayana lori ne ke tafe, na ji ruguginsa a tafin ƙafata kafin ya iso kunnena. Dama da ni tur'a, babban magudanar da ke kai wa gonaki ruwa, ta cika ta batse. Hagu da ni shingen ƙaya. Hanyar da ke tsakani kuwa, lori ɗaya ya ishe ta.

Bari in tsaya nan tukuna. Har yanzu ba na iya faɗin abin a jere, sai na zagayo masa ta baya. Yau kwana goma sha biyu, amma in mota ta yi oda a bayan katangarmu, cokali faɗuwa yake daga hannuna.

Ke Ihsan, da ku sauran 'yan ajinmu da kuka zo duba ni shekaranjiya, kun ce in na warke ku ma za ku riƙa zuwa shago ku koya. Na ji daɗi. Amma ke kika ce wai ɗaura fitila ai ba aiki ba ne, roba ce a ja a maƙala, kowa ya yi dariya. Haƙarƙarina ya hana ni ba ki amsa. Ga ta a rubuce.

Ga wanda bai san mu ba, sunana Amna. Mahaifina Usta Bello mai gyaran keke ne, ajalati kamar yadda ake ce musu a nan, Usta kuma laƙabin gwanin sana'a ne. Ya fi shekara talatin a ƙarƙashin wata bishiyar maina a gefen kasuwar garin Hajj Abdalla, nan Jazira. Ƙauyenmu tafiyar sa'a guda ce a keke daga can, ta hanyar bakin tur'a. Yayyena maza biyu ba wanda ya tsaya a sana'ar, ɗaya yana noma a Damazin, ɗaya ya ce warin gam na sa shi ciwon kai.

Daro aka fara ba ni. Daron ruwa da tib mai huda. A hura tib, a nutsa shi kaɗan-kaɗan, a jira kumfa. Ranar farko na samo huda ɗaya, na goge wurin da 'yar takardar yashi, na shafa gam, na liƙa faci, na miƙa wa Baba ina washe baki. Bai ko karɓa ba. Ya ce, "Ƙaya fa?" Na ce wace ƙaya. Ya kama yatsana ya zura cikin tayar, ya bi da shi a hankali har wani abu ya caka ni. Ƙayar tana nan a maƙale, tana jiran sabon faci.

"Huda kika gyara, ba ki gyara keke ba," in ji shi. "Mutumin nan shina isa gada iska shi sake hita, shi zage ni, shi zagi kakana."

Wata uku ban taɓa sifana ba. Daro, famfo, yatsa cikin taya. Daga nan aka ba ni sarƙa in wanke da kalanzir, daga nan birki. Ɗaure wayoyin ƙafar keke har ta miƙe ta daina rawa kuwa, sai da na shekara. Baba da kunne yake yi. Yakan ƙyasta kowace waya da farce, ya ji wadda muryarta ta faɗi. Ni har yau sai na haɗa da ido.

Da ba don mummunar shekarar nan ba, da ban wuce daro ba. Ina ajin ƙarshe na sakandare yaƙi ya iso yankinmu. Kun san sauran, kowa da abin da ya gani, ba shi zan rubuta ba. Abin da ya shafi sana'a shi ne: makaranta ta rufe, wutar lantarki ta ɗauke, mai ya ɓace, motoci kuma wasu an ɓoye, wasu an tafi da su. Sai ga kekunan da aka jingine tun zamanin kakanni suna fitowa daga bayan rumbu. Wani da sheƙar kaza a kwandonsa. Wani babu sirdi, an naɗa tsumma. Muka bar kasuwa muka dawo da aiki ƙofar gida, layi tun daga zaure har bakin masallaci. Hannun Baba biyu ne, sai nawa suka zama na uku da na huɗu, kuma ba wanda ya samu sukunin cewa mace ce.

Faci ya ƙare, muka riƙa yanka tsohon tib. Tib ya ƙare, muka riƙa cusa tsumma cikin taya. Na tuna wani dattijo da ya zo da matarsa tana naƙuda a kan kariya, wato mazaunin kaya na baya, sarƙa ta tsinke musu a hanyar zuwa wurin ungozoma. Ba mu da mahaɗin sarƙa ko ɗaya. Baba ya yanke kan ƙusa, ya zura, ya daddake bakin da guduma. Yarinyar da aka haifa ranar yanzu tana gudu.

A shekarar nan na fara hawa keke ni kaina, ni da mata da yawa, don ba wata hanya. An yi surutu kwana biyu aka gaji. Kuma a shekarar nan ba wanda ya taɓa tambayarmu fitila. Mutane har jan madubin baya suke sa mu cire musu. Ba wanda ke son a gan shi.

Ku riƙe wannan, don daga nan matsalar ta taso. Da hanya ta buɗe, lorori suka dawo ɗaukar dawa da albasa, amma kekuna ba su koma bayan rumbu ba. Mutane sun saba, sun kuma saba tafiya a duhu shiru kamar kuliyoyi. Wata safiya, bayan mun koma ƙarƙashin maina, aka kawo mana keke a kan amalanken jaki. Ƙafar baya ta lanƙwashe kamar lauje. Mun san keken, mu muka sa masa birki. Mai shi manomi ne, yana dawowa daga ban ruwa bayan magariba lori ya bi ta kansa. 'Yan'uwansa suka ce ko za a iya gyarawa a sayar. Baba ya daɗe yana kallon keken, ya ce a jingine. Washegari ya hau mota zuwa Wad Madani, ya dawo da jaka cike da jajayen fitilu iri biyar, masu caji.

Masu caji, don batir na sayarwa ba kullum ake samu ba, kuma wanda batirinsa ya mutu ba ya sayen wani sai ya ga dama. Dainamo kuwa, mai samun wuta daga juyawar taya, in ka tsaya ya tsaya, alhali mai tsayuwa a bakin gada shi ya fi buƙatar a gan shi. Amma kowane ƙauye yanzu akwai mai farantin sola da ke cajin waya. Mu ma muka ɗora ɗaya a kan rumfa.

Fitilar farko da na zaɓa, kwalinta na zaɓa. Na karanta lambobin da ke jiki, tunda ni ce mai sakandare, na ce wa Baba wannan ta fi duka haske, ga shi an rubuta. Na kunna ta a tafin hannuna, ta kashe mini ido.

"To," in ji Baba. "Direban lori a tahin hannunki shike zama?"

Ya jira har rana ta faɗi, lokacin da gari bai yi duhu ba kuma bai da haske, lokacin da ido ya fi yin ƙarya. Ya ce in ɗaura ta in tura keke taki ɗari, shi ya tsaya a gindin maina ba tabarau. Ya ce idonsa ya tsufa daidai da na direban da ya kwana biyu a hanya, in shi ya gani, kowa zai gani. Na je taki ɗari na juyo. Ya ɗaga hannu yana lilo da shi: babu. Mai manyan lambobin nan haskenta tsinke ne, in ba ka tsaya daidai saitinta ba, ba ka ganin komai. Wata 'yar mummuna mai faɗin akwatin ashana, wadda na raina, ita aka gani har taki ɗari da hamsin. Sannan ya ce in juya keken a karkace, kamar mai fitowa daga hanyar gona zai hau babbar hanya. Uku suka ɓace nan take. Biyu suka rage, masu haske ta gefe.

Cikin biyun nan ma ɗaya ta faɗi, amma sai bayan wata guda, a hannun masu saye. Ramin cajinta ba shi da murfi. Turɓayar Jazira kun san ta, gari ce, ba inda ba ta shiga, in damina ta zo kuma ta koma laka. Mutum ya zo yana faɗa, wai mun sayar masa da matacciya, in sa allura in tono ƙasar da za ta isa shuka gyaɗa. Tun daga nan abin da nake fara dubawa murfin roba ne a bakin ramin, in buɗe in rufe sau goma in ga ko zai saki. Sai in duba ko wayar cajinta irin ta wayar hannun mai saye ce, don wanda aka ba waya ta daban, cikin mako zai ɓatar da ita, fitila ta zama ado. Sai maɓalli. Mai laushi, gargadar hanya kaɗai na kashe shi. Nakan kunna fitila in buga ta a cinyata sau uku. In ta canza ko ta mutu, ta koma jaka.

Masu saye kuwa kullum tambayarsu ɗaya: wacce ta fi arha. Ni tawa tambayar ita ce, yaushe kake fita, yaushe kake dawowa, me kake ɗaukowa. Mai zuwa ban ruwa daban, malamin makaranta daban. Nakan ce su bar ta a kan ƙiftawa in su kaɗai ne a hanya, caji ya fi daɗewa, ido kuma ya fi kama abin da ke motsi. In suna tafe a jere, na baya kawai ya ƙifta, kada a makantar da juna. Kuma caji da azahar, kullum, kamar yadda ake ba jaki ruwa, ba sai ya faɗi ba.

Robar nan da kika ce a ja a maƙala, Ihsan, rana tana cinye ta cikin wata biyu. Ta tsattsage, wata rana a shiga rami, fitila ta yi tsalle cikin tur'a, mai keke bai sani ba, yana ta tafiya da ƙarfin zuciyar fitilar da ba ta nan. Wannan ya fi rashin fitila haɗari. Shi ya sa Baba yake yanka ƙarfen ɗaurin ganga, ya lanƙwasa, ya huda, ya yi mariƙi da noti biyu.

Inda za a ɗaura mariƙin kuwa, ni na gano, kuma ta dalilin Kawu Ummaru mai madara. Ba ɗan'uwanmu ba ne, abokin Baba ne tun suna yara, shi ya sa nake ce masa Kawu. Kullum da asuba yake shigowa gari da garwa biyu a rataye gefe da gefe. Shi ne na uku da ya sayi fitila. Na ɗaura masa a sandar da ke ƙarƙashin sirdi, yadda aka zana a kwali. Ta yi kyau, tana ƙiftawa. Ya tattare jallabiyarsa, ya haye, ya zauna, ya saki. Bayan jallabiya ya sauko ya rufe fitila ruf. Na bi shi da gudu ina kira.

"Mi na manta, Usta ƙarama?"

"Kawu, ka zauna a kan fitilarka."

"To a kan mi kike so in zauna? Kan garwa?"

Wanda ya zana kwalin nan bai taɓa ganin mai jallabiya a kan keke ba. Daga ranar muka mayar da mariƙi can ƙarshen kariya, inda riga ba ta kaiwa. Amma wani keken ba kariya, wani kuma buhu yake ɗaurawa har ya zubo. Sai na ƙara gwaji nawa na kaina. Na yanko ƙyalle daga tsohuwar jallabiyar Baba, na rataye a ƙusa jikin maina. Duk fitilar da za ta fita daga hannuna sai na lulluɓe ta da shi, na je taki hamsin. In jan ya ratso, ta ci. In bai ratso ba, ba na sayarwa. Mutanen kasuwa suka mayar da abin wasa, wai a shagon Usta Bello fitila ma sai ta sa jallabiya kafin a aurar da ita. Wata rana na ji Baba yana gaya wa wani baƙo, "Wagga dabara ta ɗiyata ce." Kwana uku ina jin daɗin maganar nan.

Ƙyallen nan fari ne. Shekara guda yana rataye a gaban idona, ban taɓa tsayawa na yi tunanin farinsa ba. Masu sayenmu maza ne, maza kuma fari suke sawa.

Ranar Talatar, Baba ya tafi Madani saro kaya, zai kwana can. Ni kaɗai ce a shago. Bayan la'asar sai ga Kawu Ummaru yana turo keke, fitila a hannu, mariƙi ya karye, wai amalanke ya goge shi a bakin kasuwa. Na duba akwati, ƙarfen ganga ya ƙare, yana cikin abin da Baba ya tafi nema.

"Bar shi sai Usta ya dawo," in ji Kawu. "Shekara arba'in ina bin hanyar nan ba fitila, ba abin da ya cinye ni."

"Shekara arba'in ɗin ba a yi lororin albasa irin na bana ba. Gobe da asuba da me za ka fito?"

"Da Ayatul Kursiyyu."

"Ka haɗa da fitila, Kawu, ba sa faɗa da juna."

Ya yi dariya har da tari. Na ɗauki sifana na kwance mariƙin da ke kan kariyata, na ɗaura masa. Minti biyar. Ya ce to ke fa. Na ce tawa ai ita ce sarauniyar shagon, ta ci gwajin ƙyalle tun daga taki saba'in, yau ɗaya roba ta ishe ta. Na ja roba na maƙala ta a ƙarƙashin sirdi, wurin da ni da bakina nake hana mutane. Ya sa mini albarka ya tafi. Wani mai faci ya tsayar da ni, ban rufe shago ba sai da rana ta yi ja. Na ɗaure bakin abayata a ƙugu yadda na saba, na kunna fitila, na ga tana ƙiftawa, na hau.

Bayan damina hanyar bakin tur'a ba hanya ba ce, kunya-kunya ce. Tayoyin lori sun kwaɓa laka, rana ta gasa ta ta zama dutse. A cikin wannan jijjiga ɗaurin abayata ya kwance, ban ji ba. Baƙa ce, mai kauri, irin wadda Inna ke so don ba ta nuna jiki. Ban san tun yaushe nake tafiya a rufe ba. Wata mota ta riga ta wuce ta bar ƙura a tsaye, ni kuma baƙar mace a kan baƙin keke a kan baƙar ƙasa.

To, mun dawo inda na tsaya.

Na san lorin bai gan ni ba, don wanda ya ga mai keke yakan yi oda tun daga nesa, wannan kuwa muryar injinsa ba ta canza ba. In na taka birki, shi ke nan. In na faɗa tur'a, ban iya ruwa ba. Ƙaya kuma ba ta da ƙofa. Abin da Baba ya fara koya mini a hanyar nan shi ne kada in saki kan keke ko da hannu ɗaya. Na saki. Na kai hannun hagu baya, na damƙi abin da na damƙa, na fizge sama.

Ja ya faɗo a ƙasa. Na gan shi, sau ɗaya, sau biyu. Sai ƙarar birki, irin wadda ban taɓa ji ba, kamar ana yanka ƙarfe da rai. Ƙafar gaba ta faɗa kunya, kan keke ya murɗe, na ga bakin simintin wata 'yar gada yana taho mini.

Na farfaɗo a gaban lorin, kaina a kan rawanin wani dattijo da ban sani ba. Direban ne. Yana ta salati, yana magana da Larabci, maganar tana maimaita kanta. "Wallahi ya bitti, 'yata, hanya ba kowa. Ba kowa. Sai jan ido ya buɗe a gabana." Daga baya ya nuna wa Baba da hannunsa abin da ya rage tsakanin ƙarfen gaban lorin da tayata: daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Shi ya ɗauke ni, ya jefa keken a kan buhunan albasa, ya nemo lambar Baba a wayata. A ƙaramin asibitin da muka fara zuwa na yi amai sau biyu, kuma aka tambaye ni sunan ranar na kasa. Suka ce a wuce da ni Madani. Bai sauke kayansa ba, ya juya lori.

A can aka ɗauki hoton kaina. Aka gaya wa Baba, ina ji, cewa sai an jira safiya. In jini na zuba a ciki, zai nuna kansa kafin nan. In bai nuna ba, to. Daren ban riƙe shi ba, ba kuma na so a tuna mini.

Kafin in faɗi ƙarshen, ga abin da nake so ku zo da shi in har da gaske kuke. Inna ta ce tun da abin ya faru mata huɗu sun je shago neman fitila, biyu ma'aikatan jinya, ɗaya mai kai kisra, siririyar wainar dawa, kasuwa, ɗaya malama. Da kunya suke tsayawa gaban Baba, ba sa iya hawa keke a gabansa ya ga inda mayafi ke sauka. Wannan aikin namu ne. Ku zo. Amma daro za a fara ba ku, kada ku ce ban faɗa ba. Ni ma zan koma shago. Jiya na riƙe sifana ta faɗi, yau na riƙe ba ta faɗi ba.

Da gari ya waye na buɗe ido na ga Baba zaune a kan kujerar ƙarfe a ƙarshen gado, hannuwansa a kan gwiwa, bai ko cire hularsa ba. A aljihun ƙirjin jallabiyarsa wani abu ja yana ratso farin yadin, ya ɗauke, ya dawo. Na daɗe ina kallo kafin in gane. Ya ciro ta daga keken a ƙofar asibiti, bai kashe ba.

Wajen ƙarfe tara likita ta shigo, mace ce, ba ta fi ni da shekara goma ba. Ta tambaye ni sunana, na faɗa. Ta tambayi ranar, na ce Laraba. Ta haska mini ido, ta ce in bi yatsanta, in matse hannunta, in taka zuwa ƙofa in dawo. Ta ɗaga hoton ta duba ta taga, ta daɗe. Sannan ta ajiye.

"Babu jini a ciki. Ƙashin kai lafiya. Haƙarƙari biyu sun tsage, su za su haɗe da kansu. Kin tsira, Amna. Hamdilla ala salama." Ta juya ga Baba, ta nuna ƙirjinsa da biro. "Hajji, tun jiya ma'aikata ke tambayata, mene ne wannan a aljihunka?"

Baba ya ciro fitilar ya dube ta kamar yau ya fara ganinta.

"Gwaji nike," in ji shi da Hausa, ni yake gaya wa. "Awa goma sha biyar da wani abu, ba ta mutu ba. Irin wagga za mu riƙa sarowa." Ya gyara murya. "Abayar nan taki ta yage, ba ta ɗinkuwa. In munka koma ki yanko ƙyalle, a rataya kusa da farin."

Na ce to, Baba.

Ya sa babban yatsa zai kashe ta. Mutumin da ke zura noti a duhu ba ya dubawa, sau biyu yana kuskure maɓallin. A na uku ya samu.